AGOGON JIKI DA CIWON DAJIN MAZA

Bayani domin Hakimai da Malamansu

An shirya wannan ƙasida domin hakimai da malamansu su karanta a tsanake, sa'an nan su bayyana wa dagatai da masu unguwa abin da ke ciki, su kuma su isar wa talakawa. Maganar ta shafi lafiyar maza magidanta, musamman waɗanda sana'arsu ko halin da ƙasa ta shiga ya raba su da barcin dare. An ɗauko misalai daga Kuki da sauran garuruwan ƙasar Yandakan Katsina, Hakimin Dutsin-Ma, da ta Maraɗin Katsina, Hakimin Kurfi, amma abin da aka faɗa ya shafi kowace gunduma.

Hausawa suna cewa dare mahutar bawa. Suna kuma cewa dare rigar mugu. A da, magana ta farko ce ta fi dacewa da zaman ƙauye. In an yi sallar lisha aka ɗan taɓa hira, sai fitila ta mutu, gari ya yi tsit har kiran assalatu. Amma tun wajen 2019, sa'ad da ɓarayin daji suka tsananta kai hari a yammacin Jihar Katsina da tsakiyarta, magana ta biyu ta yi rinjaye. Magidanta da samari suka shiga kwana a bakin gari suna sintiri. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Jiha, wadda aka ɗebo mutanenta daga cikin garuruwan da abin ya shafa, su ma kuwa ba su da dare ba su da rana.

Ban da waɗannan, akwai waɗanda dama can da dare su ke neman abinci: masu gadi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da ma'aikatan Babban Asibiti, da direbobin manyan motoci, da masu gasa burodi, da masu shayi, da masunta a Madatsar Zobe, da manoman rani masu ban ruwa cikin sanyin dare. Likitocin duniya sun daɗe suna tambaya ko irin wannan zama na shekara da shekaru yana jawo wa namiji wani ciwon daji da ke kama maza kaɗai. Kafin a kai ga amsarsu, sai an san abu biyu tukuna: agogon da ke cikin jiki, da wurin da ciwon ya ke tsirowa.

AGOGON DA BA A GANI

Kowane manomi ya san ganyen gyaɗa ya kan naɗe da almuru, ya buɗe da safe. Haka na tsamiya. Mai kallo zai ce rana ce ke buɗe su, duhu ya rufe su. A 1729 wani masani a Faransa, mai suna de Mairan, ya sa wani tsiro mai irin wannan hali cikin wuri mai duhu, ya ga bai daina buɗewa da rufewa a kan lokacinsa ba, alhali ba ya ganin rana. Zakara ma haka ya ke. A 2013 masana a Jami'ar Nagoya ta Japan suka tsare zakaru a ɗakin da haskensa ba ya sakewa dare da rana, suka tarar suna cara wajen lokacin asuba kamar yadda suka saba. Watau lissafin lokaci a cikin jikin halitta ya ke, ba daga waje ya ke zuwa ba.

Ɗan Adam yana da irin wannan agogo. Uwarsa tana cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, an kuwa gano wurin a 1972. Ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai ƙwayar dawa ba. In an bar mutum inda ba ya ganin rana, agogonsa ya kan zagaya cikin sa'a 24 da 'yan mintoci, saboda haka kullum sai an daidaita shi, kamar yadda malamin ofis ya kan daidaita agogon bango da na rediyo. Mai daidaita shi shi ne hasken safiya da ke shiga ido.

Ita wannan uwar agogo ce ke gaya wa jiki lokacin barci da na tashi, da lokacin da zafin jiki zai sauka, da lokacin da hanji zai karɓi abinci. Da duhu ya yi sai ta umarci wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa ya zubo wani sinadari cikin jini, sunansa melatonin, wanda Aaron Lerner ya gano a Amurka a 1958. Melatonin kamar sanƙira ya ke, yana zagaya gaɓoɓi yana shelar dare ya yi. In haske ya shiga ido da tsakar dare, sai zubarsa ta ragu. Farin haske mai ratsin shuɗi, irin na wayar hannu da ƙwan lantarki na sola, ya fi hasken itace ko na fitilar kananzir ƙarfin hana shi.

Daga baya aka gane ba ƙwaƙwalwa kaɗai ke da agogo ba. Kusan kowace gaɓa tana da nata ƙarami, hanta da ƙoda da fata, dukansu suna bin uwar. Mutum uku na Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, sun sami lambar Nobel a 2017 saboda sun bayyana ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da wannan lissafi, a jikin wani ɗan ƙuda mai bin 'ya'yan itace suka yi binciken. Abin da ya sa likitocin ciwon daji suka sa ido a nan shi ne, waɗannan ƙwayoyin gado suna da hannu a kan lokacin da ƙananan ƙwayoyin da aka gina jiki da su za su rabu su hayayyafa, da lokacin da za a gyara waɗanda suka lalace. Ciwon daji kuwa ba wani abu ba ne illa ƙwayoyin jiki da suka ƙi bin doka, suna hayayyafa ba tsayawa.

Mutanen ƙasar Katsina suna da wata sa'a a nan. Tsawon yini a Dutsin-Ma ba ya sakewa ƙwarai, tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bai wuce kimanin sa'a ɗaya da rabi ba. Lokatan salla kuma da rana su ke tafiya, tun daga asuba har lisha. Mutumin da ya kwanta bayan lisha ya tashi da asuba ya fita gona, yana daidaita agogonsa kullum ba tare da ya sani ba.

INDA CIWON YA KE TSIROWA

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ƙullutu, girmansa kamar ƙaramin goro, likitoci suna kiransa furostet. Hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta ratsa. Aikinsa shi ne yin wani sashe na ruwan maniyyi. Mata ba su da shi. A rediyo a kan ce da ciwon dajinsa sankarar mafitsara, amma lalle a rarrabe, domin mafitsara daban, furostet daban. Wannan rarrabewa tana da amfani a garuruwan da ke kusa da ruwa kamar na gefen Zobe, inda fitsarin jini a wurin yaro ko masunci ya kan zama alamar tsargiya. Ita tsargiya in ta daɗe ba magani tana iya jawo ciwon daji a mafitsara kanta, wannan kuwa wata magana ce daban.

Furostet ya kan ƙara girma in namiji ya manyanta, har ya matse hanyar fitsari. Mafi yawan wannan kumburi ba daji ba ne, tsufa ne kawai, yana kuwa da magani. Amma a waɗansu maza daji ne. Shi ne ciwon dajin da ya fi kama maza a Nijeriya. Bisa ga ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2020 ya kama maza wajen miliyan 1.4 a duniya, a Nijeriya kuwa sama da 15,000, ya kuma kashe sama da 8,000 a cikin shekarar.

Abu uku ne aka tabbatar suna ƙara haɗarinsa, ba gardama: yawan shekaru, da gado, watau in ya taɓa kama uba ko ɗan'uwa, da kasancewa baƙar fata. A Ingila an lissafa cewa namiji 1 cikin 8 zai gamu da shi a rayuwarsa, amma a cikin baƙaƙe 1 ne cikin 4. Ba mai iya sake ko ɗaya daga cikin ukun nan. Shi ya sa masana su ke neman na huɗu, wanda mutum zai iya gyarawa.

Akwai kuma dalilin da ya sa aka zargi agogon jiki musamman. Tun 1941 Charles Huggins ya nuna a Chicago cewa wannan ciwo da sinadarin mazakuta ya ke rayuwa, in an rage sinadarin sai ya lafa. An ba shi lambar Nobel a 1966 saboda haka. Shi kuwa sinadarin mazakuta da agogo ya ke tafiya, ya kan hau cikin barci, ya kai ƙololuwa da safe, ya sauka da yamma.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

A 2006 aka buga sakamakon wani bincike a Japan, inda aka bi ma'aikata maza 14,052 shekaru da dama. Aka ga waɗanda su ke karɓa-karɓa, wannan mako aikin rana wancan aikin dare, sun ninka masu aikin rana sau uku wajen kamuwa. Labarin ya tayar da hankali, amma mai hankali zai lura cewa mutum 31 kaɗai ne suka kamu a cikin dukan taron, hukuncin da aka gina a kan mutum 31 kuwa ba shi da nauyi ƙwarai. A 2012 wani bincike a birnin Montreal na Kanada ya sami abin da ya yi kusa da wannan, ninki biyu da ɗoriya.

A tsibirin Iceland aka bi ta wata hanya. Aka auna alamar melatonin a fitsarin safe na tsofaffi 928, aka jira. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna waɗanda nasu ya yi ƙasa sun ninka sauran wajen sau huɗu wajen kamuwa da irin dajin da ya riga ya yi nisa. A Sifen kuma, a 2018, aka ga maza masu barin sa'a biyu ko fiye tsakanin tuwon dare da kwanciya, haɗarinsu ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu in an gwada da masu kwanciya da sun wanke hannu.

Amma fa ba dukan bincike ne ya tafi haka ba. A Suwidin an bi tagwaye maza masu yawa, aka buga sakamako a 2017, ba a ga aikin dare ya ƙara kome ba. A Montreal ɗin nan dai, a 2019, aka sake wani bincike wanda ya fi na farko girma, da majiyyata wajen 1,900, shi ma bai ga alaƙa ba. Gari ɗaya, amsa biyu.

Hukumar da aka ambata a baya, wadda ke zaune a birnin Lyon na Faransa, ita ce alƙalin irin wannan shari'a. Ta zauna a 2007, ta sake zama a 2019 bayan shaidu sun ƙaru, hukuncinta bai sake ba: mai yiwuwa ne ƙwarai aikin dare yana jawo ciwon daji. Ta ce a jikin dabbobin gwaji, waɗanda aka rikita musu haske da duhu, shaida ta cika. A jikin mutane kuwa shaida tana nan amma ba ta cika ba, ta kuma ambaci dajin mama da na furostet da na babban hanji. Wannan mataki yana ƙasa da na taba sigari, wadda aka gama shari'arta tuntuni.

Yana da kyau malaman hakimai su san abin da ya sa shaidar ta ƙi cika, domin za a tambaye su. Mai aikin dare ba rashin barci kaɗai ya bambanta shi da saura ba. Sau da yawa ya fi shan taba, ya fi cin abinci ba a kan lokaci ba, a ƙasashen Turai ya fi ƙiba. Raba laifin wannan da na wancan yana da wuya. Har wa yau ciwon da kansa yana tayar da mutum fitsari da dare, saboda haka in an ga majiyyaci ba ya barci, tilas a tambaya wanne ya riga wani. Ga shi kuma ciwo ne mai tafiyar hawainiya, ya kan yi shekaru da yawa kafin ya nuna kansa, mutum kuwa ba ya tuna yawan dararen da ya yi a farke shekara 30 da suka wuce.

Saboda haka kada wani malami ya tsaya a gaban jama'a ya ce sintiri yana sa ciwon daji. Wannan ya wuce abin da aka sani, zai kuma iya sa mutane su watsar da tsaron garinsu, haɗarin ɓarawo kuwa na daren yau ne. Kada kuma a ce maganar banza ce. Rashin barcin dare na shekaru an riga an danganta shi da ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya da yawan haɗari a hanya, waɗannan ma sun isa dalili. Kada a haɗa maganar da tashin sahur ko tsayuwar dare a watan Azumi, ko kwanan jinya na 'yan kwanaki. Hukuncin hukumar a kan masu aikin dare ne, damuwar kuwa ta fi ƙarfi a kan waɗanda suka yi shekara da shekaru suna yinsa.

ABIN DA KE HANNUN HAKIMI

Ma'aikacin masana'anta a Turai in ya tashi aikin dare, gida ya ke zuwa ya ja labule ya kwanta. Mai sintiri a Kuki ba haka ya ke ba. Da damina, daga bakin gari sai masallaci, daga masallaci sai gona, domin ciyawa ba ta jiran wanda bai yi barci ba. Da bazara kuwa, wanda ya nemi barcin rana a ɗakin kwano cikin watan Afrilu ya san abin da a ke nufi. Barcin rana dama gajere ne, ba ya kuma zama madadin na dare sosai, domin agogo yana ta tashin jiki. A garuruwa da yawa kuma nauyin ya kan faɗa kan mutane ƙalilan, waɗanda aka san su da zuciya, su ne jiya su ne yau.

Nan ne aikin sarauta ya shigo. Ba a iya hana dare, amma ana iya raba shi. A 2020 waɗansu masana aikin dare suka fitar da shawara bayan taron da suka yi a Denmark: kada mutum ya wuce dare 3 a jere, kada aikin dare ɗaya ya wuce sa'a 9, a kuma bar sa'a 11 ko fiye tsakanin wannan aiki da na gaba. Sun yi shawarar ne domin rage haɗari a wurin aiki da kuma dajin mama, amma ita ce ma'auni mafi kusa da za a iya ɗauka.

Ya kamata kowane dagaci ya sa a buɗe littafin sintiri, malamin hakimi kuwa ya riƙa dubawa sa'ad da ya fita rangadi. A rubuta sunan kowane mutum da shekarunsa da dararen da ya tsaya. In littafi ya nuna suna ɗaya dare bakwai a jere, dagaci ya bincika. Inda mutane suka isa, ya fi kyau a raba dare biyu, waɗansu daga lisha zuwa ƙarfe 1, waɗansu daga nan zuwa asuba, domin kowa ya sami rabonsa na barci cikin duhu. Dattawan da suka haura 50, da wanda ciwon ya taɓa kama ubansa ko ɗan'uwansa, a ba su farkon dare ko wani aikin rana. Samari ma kada a ce ƙarfe ne su, shekarun da su ke tarawa yanzu su ne za a lissafa musu nan gaba. Wanda ya kwana tsaye, maƙwabta su ɗauke masa aikin safiyar ran nan, gayya dai ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa.

Masu ɗaukar mai gadi, ko ɗan kasuwa ne ko makaranta, hakimi yana iya jawo hankalinsu cewa mutum ɗaya ba ya gadin dare 30 a wata. Game da sauran jama'a kuwa, waɗanda ba abin da ya hana su barci sai gidan kallon ƙwallo da wayar hannu, maganarsu gajera ce: a ci tuwo da wuri, a kashe ƙwai, a ajiye waya, a fita hasken safe.

ZUWA ASIBITI

Ko mutum yana aikin dare ko ba ya yi, abin da ya fi kashe maza a Nijeriya game da wannan ciwo shi ne makara. A farkonsa sau da yawa ba ya nuna wata alama. Alamun da a kan gani su ne yawan tashi fitsari da dare, da fitsari mai fita da ƙyar ko a tsinke, da ɗiga bayan an gama, da jin mara ba ta sauke duka ba, wani lokaci da jini. In ya yi nisa ya kan shiga ƙashi, sai ciwon baya da na ƙugu da rama. Maza da yawa su kan ce sanyi ne ko basir, su yi shekara suna shan jiƙo, ba sa zuwa asibiti sai ranar da fitsari ya tsaya cak. A Amurka, cikin maza 100 da aka gano ciwonsu tun bai fita daga furostet ba, fiye da 95 ne ciwon ba ya kashewa cikin shekara 5. In ya riga ya bazu zuwa nesa kuwa, kimanin 1 ne cikin 3.

Gwajin farko na jini ne, ana kiransa PSA. Hawansa ba ya nufin lalle daji ne, kumburin tsufa ma yana ɗaga shi, likita ne zai duba ya faɗi mataki na gaba. Likita ya kan kuma taɓa ƙullutun da yatsa ta dubura, abin da ba ya wuce minti ɗaya. Kunyar wannan ta hana dattawa da yawa zuwa, saboda haka ya fi kyau maganar ta fito daga bakin liman ko wani dattijo tsaransu, ba daga bakin yaro ba. Ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka tana ba baƙar fata shawarar su fara tattauna gwajin da likita tun suna shekara 45.

Mutumin Kuki ko na Kurfi zai fara da asibitin da ke kusa da shi, ko Babban Asibitin Dutsin-Ma. In an ga abin da ya fi ƙarfinsu sai a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Aminu Kano a Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, kusa da Zariya. Magani ya danganta ga nisan ciwon: ko a sa masa ido kawai, ko a yi aiki a cire ƙullutun, ko a ƙona shi da hasken na'ura, ko a rage sinadarin mazakuta da allura.

In dattijo ba ya karatun boko, malamin hakimi ko na dagaci ya rubuta masa 'yar takarda ya tafi da ita: shekarunsa, da tun yaushe fitsarin ya fara damunsa, da sau nawa ya ke tashi a dare, da ko ciwon ya taɓa kama wani a gidansu, da shekara nawa ya yi yana aikin dare. A kuma gaya masa ya adana takardar sakamakon gwajin jini, domin likita na gaba zai so ya gwada ta da sabuwa.